In bam ya tashi a kasuwa, a ruga a taimaka ko a yi nesa?

Ɗan Katako

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Allah ya tsare mu da mugun ji da mugun gani. Tambaya gare ni, kuma amsar waɗanda suka san aikin nake so, ba hirar fada ba. Kowa ya san halinmu a Yamai: ko moto biyu suka yi karo a rompuwan, kafin masu moton su miƙe mutum ɗari sun kewaye su, rabi na salati, rabi sun ɗaga salula. To ina ga abin da ya fi wannan? Ba fata ake ba. Amma wuri kamar Katako, ko Babbar Kasuwa, ko tashar Wadata, inda wani lungun mai tura kura ma da ƙyar yake wucewa, in wani abu ya fashe me ya kamata ɗan kasuwa ya yi a minti goma na farko? Wasu na cewa ka ranta a na kare kawai. Wasu na cewa wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa cikin jini ba shi da imani. Wanne ne daidai? In kuma mutum ya tsaya, me zai yi alhali ba shi da komai sai rawani da leda?

Tsohon Pompiye

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Katako, kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya.

Mutane na zaton in abu ya fashe jama'a haukacewa suke yi su tattake juna. Galibi ba haka abin yake farawa ba. Da fari shiru ne. Ƙura ta tashi, kunne ya toshe, mutum ya tsaya ƙiƙam yana kallon hannunsa. Wani ya duƙa neman takalmi, wata ta hau tattara tumatir ɗin da ya watse, wani ya koma ja wa shago ƙofa. Bayan nan sai jama'a ta rabu biyu: na ciki suna neman fita, na waje da suka ji ƙara daga nesa suna kwararowa ciki. Masu shigowa sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma masu dasa abin sun san da haka.

A Jos, ranar 20 ga Mayu 2014, mota ta fashe a kasuwar Terminus. Jama'a suka taru ceto. Bayan kamar rabin awa ta biyu ta tashi, aka rasa aƙalla mutum 118, cikinsu har da waɗanda suka zo taimako. A Mogadishu, 29 ga Oktoba 2022, ta biyun ta tashi ne daidai lokacin da motocin ambilas da masu agaji suka iso, mutum sama da 100 suka tafi. A babban masallacin Kano, Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, bayan bama-baman akwai masu bindiga da suka buɗe wa masu gudowa wuta. A Gwoza kuwa, Yunin 2024, an kai hari wurin biki, aka sake kaiwa wurin jana'izar waɗanda suka rasu a bikin. Don haka duk fashewar da ka ji, ka ɗauka tana da ƙanwa a hanya har sai jami'ai sun ce babu.

In kana kusa, ka zube ƙasa rub da ciki, hannu a ƙeya, ka ƙirga kamar goma ko ashirin, kwano da bulo su gama zubowa. Sannan ka tashi ka fita, ba ta babbar ƙofa ba in akwai wata, don can kowa zai nufa kuma can ake ajiye na biyu. Kada ka bi jikin motocin da ke ajiye. In cunkoso ya kama ka, ɗaga hannuwa ka kare ƙirji kamar ɗan dambe don haƙarƙari ya samu wurin numfashi, ka bi jama'a kana karkatawa gefe a hankali. Abin da ya faɗi ya faɗi. Wanda ya duƙa ɗaukar takalmi ko salula a cikin turmutsitsi ba ya cika miƙewa.

In kana gida ko biro ka ga haske ko hayaƙi daga nesa, kada ka je taga. Haske yana isowa nan take, amma iskar fashewa tana biyowa baya, kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita. Wannan ɗan tsakanin ya ishi mutum ya manna fuskarsa ga gilas. Fashewar tashar ruwan Beirut ta 2020, ko da yake ba hari ba ce, gilas ya yanki mutane da yawa a haka, suna tsaye suna ɗaukar hoton gobarar farko.

Nisa nawa? Ma'aunin da ƴan sandan Ingila ke aiki da shi ya isa a riƙe: mita 100 ga jaka ko ƙaramin ƙunshi, 200 ga ƙaramar mota, 400 ga kamyo. Wannan mafi ƙaranci ne. Ka sa gini mai ƙarfi tsakaninka da wurin. In kana iya hango wurin, ɓaraguzai ma na iya samun ka. Kuma kada a fita daga kasuwa a je a yi sabon taro a bakin gudron, a watse.

A kasuwanninmu akwai ƙarin bala'i ko ba bam na biyu: butalin gaz na masu abinci, bidon isansi, wayoyin wuta da aka jona barkatai, rumfunan katako da leda. Ku tuna motar isansi da ta kife kusa da filin jirgi a daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019. Faɗuwarta ba ta kashe jama'a ba. Taron da ya kewaye ta da bido shi wuta ta cinye, mutum sama da 55 nan take.

Kira 18 pompiye, 17 ƴan sanda, 15 SAMU, wato masu ambilas na agajin gaggawa. Faɗi wurin da alamar da direba zai gane, wace ƙofa, kusa da wane masallaci ko sitasiyo, kamar mutum nawa ne a ƙasa, akwai wuta ko harbi. Kada ka kashe sai sun kashe. "Ku zo Katako" ba kwatance ba ne.

To wa zai tsaya? Wanda abin ya riga ya rutsa da shi a ciki kuma lafiyarsa lau, shi ne mai ceto. Ya tsayar da jinin na kusa da shi, ya ja shi bayan gini. Wanda ke Yantala ko Talladje ya ji ƙara, taimakonsa shi ne ya zauna inda yake ya bar hanya.

Majo Harobanda

Baba Pompiye ya gama da maganar ƙafa, bari in yi ta hannu. Amma Baba, da izininka zan ɗan ja da wuri guda. Kada mutane su ji "a yi nesa" su ɗauka a bar komai ga ambilas. Babban mutum jininsa kamar lita 5 ne. In babbar jijiyar cinya ta yanke, minti 3 zuwa 5 sun isa ya ƙare. Babu ambilas ɗin da za ta ratsa cunkoson Katako a minti 5. Wanda ke gefensa ne zai cece shi ko ba kowa.

Abu na farko, kada kuka ya ja ka. Mai ihu yana numfashi, kuma jini na kai wa kansa. Wanda ya yi shiru, ya yi fari fat a leɓe da cikin ido, gumi mai sanyi na karyo masa, shi ne a bakin rami. Ka ɗaga murya ka ce duk mai iya tafiya ya tashi ya nufi wuri kaza. Waɗanda suka rage a ƙasa su ne aikinka, kuma a cikinsu ka fara da mai jinin da ke tsartuwa ko yake malala yana taruwa.

Yaga rigar ka ga ramin da idonka. Sa hannu cikin leda in babu safar hannu. Dunƙule tsumma mai tsabta, ɗankwali, rawani, ko zane, ka ɗora daidai bakin ciwon ka danna da hannu biyu, gwiwar hannu a miƙe, nauyin jikinka duka a kai. Minti 10 ba ɗagawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne leƙe: mutum ya danna minti ɗaya ya ɗaga ya ga ko ya tsaya, ya ɓalle ɗan daskarewar da jinin ya fara, a koma farko. In tsumman ya jiƙe, ƙara wani a kai, kada ka cire na ƙasa.

In hannu ne ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar ba, ko gaɓar ta guntule, sai garo, wato ɗaurin tsayar da jini. Ƙyallen ya zama mai faɗi, kamar yatsa uku ko huɗu, santimita 4 zuwa 5. Rawani da aka ninka ya yi daidai. Igiya, waya, igiyar takalmi ko robar tayar moto siririya suna yanka nama da jijiyar motsi ne kawai. A ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ta wajen jiki, ba a kan gwiwa ba. In ba ka gane inda jinin ke fitowa ba, ɗaura can sama kusa da hammata ko matsematsi. Zagaya sau biyu, ƙulla sau ɗaya, ɗora abu mai ƙarfi a kan ƙullin, kamar ƙarfen kwance taya, turnabis babba ko muciya, ka sake ƙulli biyu a kansa, sannan ka murɗa. Ka yi ta murɗawa har jini ya tsaya cak. Biro da karan dawa karyewa suke yi. Daga nan ka ɗaure sandar da wani ƙyalle don kada ta warware.

Zai yi ihu, zai zage ka, zai roƙe ka da Allah da Annabi ka sassauta. Kada ka sassauta. Garo mai kyau yana da zafi sosai. Wanda aka ɗaura sako-sako ya fi rashinsa muni, don yana toshe jijiyar da ke mayar da jini jiki ya bar mai kawowa a buɗe, zubar ta ƙaru. Tsohuwar koyarwar nan ta a riƙa kwancewa duk bayan minti goma an bar ta, ta kashe mutane. Rubuta lokacin a goshinsa ko a kan ƙyallen, misali 14:20, kada a rufe garon da zane. Har wajen awa 2 gaɓa tana jurewa, kuma lokotoro ne kaɗai zai kwance.

Matsematsi, hammata da gindin wuya ba sa ɗauruwa. Nan sai cusawa: ka tura ƙyalle cikin ramin da yatsa, kaɗan-kaɗan har ya cika tam, sannan ka danna. Ƙirji da ciki kuwa ba a cusa musu komai. Ramin ƙirji da ke fitar da kumfa, kada a liƙe shi ruf da leda, iska za ta taru ciki ta matse huhu. A zaunar da mutumin in yana iya zama, a gaggauta da shi. In hanji ya fito, ba a mayarwa, a rufa masa tsumma mai tsabta da aka jiƙa. Ƙarfe ko gilas da ya cake a jiki a bar shi inda yake, a tokare shi da ƙyalle ta gefe biyu, wataƙila shi ya toshe jijiyar.

Abubuwan da ba a zubawa a ciwo: ƙasa, toka, garin batir, taba, isansi, man birki. Ba sa tsayar da jinin jijiya, sai dai su jawo ruɓa da tetanos, kuma su ƙara wa mai tiyata aikin wanki. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta take so, minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da ƙwai, man goge baki, gishiri ko tawada. A cire zobe da agogo kafin kumburi.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe, kai da wuya da baya su tafi tare, don kada amai ko jini ya shaƙe shi. Kada a ba mai rauni ruwa, ko yana roƙo. Na san wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, amma mai shiga tiyata da ciki cike yana iya shaƙar amansa. A jiƙa masa leɓe kawai. Kuma a lulluɓe shi ko da rana ake ƙwallawa ta watan Afrilu, don wanda ya zubar da jini jikinsa sanyi yake yi, jini mai sanyi kuwa ba ya daskarewa da kyau.

Ɗan Katako

Allah ya saka da alheri, Hajiya Majo. To ɗaukar fa? Ke ma kin san kafin ambilas ta zo an riga an cusa mutane a taksi da faba-faba, wasu ma a kabu-kabu. A hana ko a bari?

Majo Harobanda

Ba ya hanuwa, Malam, kuma ko'ina a duniya haka ne. Sai dai a gyara. Matsalar ita ce masu ƙaramin rauni su ke fara isa likita, don su ke iya tafiya da ƙafarsu. Su cika irjans, wato sashen gaggawa na likitar da ta fi kusa, su da danginsu, sannan a kawo na bakin mutuwa a tarar babu gado babu hanya. Mai ƙujewa da ƙaramin yanka ya tafi CSI, ƙaramar likita ta kartiyensu. Masu garo, masu raunin ƙirji, ciki da kai su ne na manyan likitoci, kuma a raba su: babbar likita ta ƙasa, ta Lamorde, da Referans, kada kowa ya nufi guda.

A tsayar da jini kafin a ɗauka, ba a hanya ba. A kwance ake ɗauka, a kan ƙofa, benci ko tabarma mai ƙarfi, mutum huɗu, na biyar ya riƙe kai. Bayan a-kori-kura ya fi kujerar taksi. Kabu-kabu bai dace da wanda ya suma ko mai ciwon wuya da baya ba. Kama mutum hannu da ƙafa a yi ta lilo da shi yana iya mayar da karaya shanyewar jiki.

Wani abu da ake mantawa: wanda ya kasance kusa sosai, musamman cikin ɗaki ko mota, ko babu ɗigon jini a jikinsa ya je a duba shi. Iskar fashewa tana ƙuje huhu da hanji ta ciki, alamar tana iya ɓoyewa har kwana biyu. Tari da jini, numfashi sama-sama, ciwon ciki, amai, a koma likita ko tsakar dare ne. Kunnen da ya toshe ko yake zubar da jini kada a ɗiga masa mai ko ruwa, yawanci dodon kunne yana haɗewa da kansa cikin makonni in an bar shi a bushe.

Ba'adare Mai Labo

Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ni wajen jini da wajen baki zan taɓa.

Duk garin da abin ga ya faru, washegari layin masu ba da jini har titi. A Paris an gani bayan harin 13 ga Nuwamba 2015. Niyya ce mai kyau, amma jinin da ke ceton mai rauni yau, wanda aka bayar makon jiya ne. Sabon jini sai an gwada rukuninsa, an bincika sida, ciwon hanta iri biyu da tunjere kafin ya shiga jikin wani. Kuma ba ya ajiyuwa har abada: kwana 35 zuwa 42 a firijo, gwargwadon ledar. A Amurka bayan harin 11 ga Satumba 2001 an samu ƙarin ledar jini wajen rabin miliyan, waɗanda aka ƙara wa masu raunin ba su kai 300 ba, aka zubar da mai yawa da ya lalace. Mu nan kuwa ga lokacin damina, yara masu zazzaɓin sauro na neman jini, ga azumi da masu bayarwa ke raguwa. Wanda ke da niyya ya je CNTS, cibiyar ba da jini ta ƙasa, tun yanzu. Shekara 18 zuwa sama, kilo 50 aƙalla, ana ɗibar kamar mililita 450, namiji duk wata 3, mace duk wata 4. Ya san rukunin jininsa, ya bar lambarsa. Ranar da abu ya faru, ya jira sanarwa, in an ce rukuni kaza ake nema ya tafi.

Salula kuma, kowa na kiran kowa a lokaci guda, rezo ya cushe, har mai neman 18 ya kasa samu. Tura gajeren mesaji ga mutum ɗaya a gida, "lafiya lau, ina wuri kaza", shi ya sanar da saura. Neman wanda ya ɓata, mutum ɗaya ko biyu su zagaya likitoci da hotonsa da bayanin kayan da ya sa. Ba a kwashi gida duka ba.

Sai babbar cutar, muryar WhatsApp. "An ce akwai wasu uku, ɗaya na gadar Kennedy." Wa ya ce? A Bagadaza, 31 ga Agusta 2005, wani ya yi ihun akwai ɗan ƙunar baƙin wake a kan gada cike da masu ziyara. Babu bam a gadar. Mutum sama da 950 suka mutu da tattakewa da faɗawa kogi. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, 17 za ka kira, ba gurup ba. Hotunan gawa ma a bari. Uwa ta ga ɗanta a guntule a salular maƙwabciya kafin a zo mata da gaisuwa, wannan ba aikin musulmi ba ne. Ga kuma dokar intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024, tana kai mai yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a gidan kaso.

Daga jita-jita sai a koma nuna yatsa: mai rawani, mai niƙabi, Bafillace, Buzu, wanda ya fito Difa. Wanda taro kan kama ya yi wa rubdugu, sau da yawa baƙo ne da bai iya kwatance ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda shi ma tsoro ya sa shi gudu. Ko da shi ne, in an kashe shi an binne bayanin da zai kai ga sauran.

Bayan kwanaki za a ga rashin barci, zabura in taya ta fashe, yaro ya koma fitsarin kwance, mutum ya kasa bin layin da abin ya faru. Ba aljanu ba ne, ba ragwanta ba ce, mafi yawa yana sauka cikin makonni. In ya haura wata guda yana hana mutum neman abincinsa, a kai shi likita, a haɗa da addu'ar.

Tsohon Pompiye

Hajiya Majo, na karɓi gyara. Malam Ɗan Katako, ga aikin da za ku kai wa shugabannin layinku. Ku zaga da ƙafa ku ƙirga mafita nawa layin ke da su, wacce aka toshe da buhuna ko tebur, wacce ke da kwaɗo kuma makullin na hannun wa. A kowane layi a samu mutum uku ko huɗu su je Kurwa-Ruj ta Nijar su koyi agajin farko, don garo ba ya koyuwa da karatu, sai ka murɗa shi a cinyar abokinka ka ji irin ƙarfin da yake ci. A shago ɗaya da kowa ya sani a ajiye jaka: ƙyalle mai faɗi guda 10, sanda gajera mai ƙarfi guda 4, kwampires, bandeji, safar hannu, almakashi, maka ta rubutu, tocila da bargo biyu. Kada a kulle ta a durowa. Sannan a naɗa samari biyu da aikinsu kawai su tsaya bakin gudron su kori moto da ƴan kallo, su nuna wa ambilas ƙofar da za ta shiga.